Tarwaɗar Maraɗi da ta Kano: Nazarin wata gonar kifi da farashi ya kusa rufewa

Gonar da kasuwarta, farkon 2022

Gonar tana kudu da birnin Maraɗi, a kan hanyar Madarunfa. Mai ita ɗan kasuwa ne da ya daɗe yana sayar da hatsi, ya shiga kiwon tarwaɗa da jarinsa, ba bashi. Ya gina kwami shida na siminti, kowane mita 4 a tsawo, mita 3 a faɗi, ruwa na tsayawa mita ɗaya, wato lita 12,000 a kwami. Ya haƙa rijiyar burtsatse, ya sa mata famfo mai aiki da wutar gari, ya ajiye injin fetur saboda ranar da aka ɗauke wuta. Yara biyu ke kula da wurin.

Kifin da ake ci a Maraɗi kashi huɗu ne: na masunta daga tabkin Madarunfa da sauran tafkuna, kifin banda da ke zuwa daga gabas ta wajen Diffa da tafkin Chadi, kifin ƙanƙara na teku, sai tarwaɗar kiwo mai rai da ake shigo da ita daga Najeriya ta Jibiya da Ɗan Isa. Wannan ta ƙarshen ita ce kishiyar gonar, domin iri ɗaya ce, kuma masu saye ɗaya ne. Daga Katsina zuwa Maraɗi bai kai kilomita 100 ba. Tarwaɗa tana shaƙar iska kai tsaye, don haka tana jure tafiya cikin jarka mai lita 50 da aka yanke wa baki, da ɗan ruwa kaɗan. Motar da ta tashi daga Kano da dare takan sauke kifi yana motsi kafin hantsi.

Kuɗin da za a ambata na sefa ne sai inda aka ce naira. Mai karatu a Najeriya ya lura: jika a bakin mutumin Maraɗi sefa dubu ce, ba naira ɗari biyu ba.

Zagaye na farko, Maris zuwa Agusta 2022

An zuba 'ya'yan kifi 3,000 a kwami uku, ƙanana masu nauyin giram biyu zuwa uku, kowane a kan sefa 100. Abinci mai yawo a saman ruwa aka yi amfani da shi, na ƙasar waje, daga wani shago a Yamai, buhu mai kilo 15 a kan jika 14 bayan an haɗa da kuɗin mota. Wannan abincin sai ya sauka a tashar ruwa ta Kwatano, ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 zuwa Yamai, ya ƙara wasu fiye da 600 kafin ya iso bakin kwami.

Ba a tantance kifin ba sai sau ɗaya a wata shida. A kowace zuba akan sami 'yan tsiraru da ke tsere wa sa'o'insu a girma, kuma da zarar bakin ɗaya ya isa ya haɗiye ɗan'uwansa, haɗiyewa zai yi. Ba a ganin gawa, adadi ne kawai ke raguwa a ɓoye. Ranar kwasa an ƙirga kifi kimanin 2,300, matsakaicin nauyi giram 800, jimilla kilo 1,850. Abincin da suka ci buhu 173 ne, kusan kilo 2,600. Kowane kilo na kifi ya ci kilo 1.4 na abinci ke nan.

A kan kowane kilo na kifi, abinci ya ci sefa 1,310, 'ya'yan kifi 160, ruwa da wuta da albashin yara kimanin 250. Kilo ya tsaya wa mai gona a kan 1,720. Dillalai suka taya 1,600, suka ce na Najeriya yana sauka musu a kan 1,500, ɗari ɗin da suka ɗora ma don kifin gonar ba ya da ƙujewa a jiki ne. Ya sayar a haka.

A daidai wannan lokaci mai kiwo a Kano yana sayen buhun abinci da aka sarrafa a cikin ƙasarsa a kan abin da bai wuce jika 10 ba idan an juya shi sefa, ɗan kifi kuma kusan rabin kuɗin na Maraɗi. Kilo na tsaya masa a kan kimanin sefa 1,000, ya sayar wa ɗan kasuwa a 1,200, shi kuma ya ɗora mota da kuɗin hanya da ribarsa.

Gwajin abincin gida, Oktoba 2022 zuwa Maris 2023

Tunda abinci ne ya cinye kashi uku cikin huɗu na kuɗin, nan aka fara taɓawa. An sayi injin niƙa nama aka mayar da shi na murza abinci. Haɗin: dusar masara da ta gero, tunkuza, garin waken soya, busasshen jini daga mahauta, da ɗan garin ƙananan kifi. Kilo ya tsaya a kan sefa 450, ƙasa da rabin na buhu.

Matsala ta farko, abincin nutsewa yake yi. Da mai yawo, yaro na tsaye yana kallo, ya ga sun daina rububi sai ya ɗauke hannu. Da mai nutsewa ba ya ganin komai, yana ta zubawa da kwano. Abin da ba a ci ba ya kwanta a ƙasa ya ruɓe. Cikin kwana biyu ruwan kan yi kumfa da wari, kifin su taru a sama a tsaye, gashin bakinsu ya fara cinyewa, wasu fatar ciki ta yi ja. Alamun amoniya ke nan, wato gubar da ruɓaɓɓen abinci da kashin kifi ke bari a ruwa. Aka koma sauya rabin ruwa kullum maimakon bayan kwana biyu ko uku, kuɗin famfo ya ninka.

Ta biyu, haɗin bai kai ba. Ƙaramar tarwaɗa tana buƙatar abinci mai sinadarin gina jiki kashi 40 zuwa 45 cikin ɗari. Haɗin da dusa ta yi wa yawa da wuya ya kai 30. An kuma niƙa waken soyan ɗanye, alhali ɗanyen soya yana ɗauke da wani sinadari da ke hana kifi narkar da abin da ya ci, sai an soya shi ko an turara. Wani buhun tunkuzar ma ya yi fumfuna, kuma fumfunar gyaɗa guba ce ga hantar kifi.

Ta uku ba laifin abinci ba ce. Tarwaɗa ta fi ci da girma idan zafin ruwa yana tsakanin digiri 26 da 30. A Disamba da Janairu, da hunturu ya sauka, ruwan kwamin siminti da ba a rufe ba yakan sauko kusa da 20 da asuba, kifin su kwanta su ƙi abinci.

Bayan wata shida matsakaicin nauyi giram 500 ne, kuma kowane kilo ya ci kilo 2.3 na abinci, wato sefa 1,035. An rage kusan 275 a abinci, famfo ya cinye fiye da rabinsu, dillalai kuma suka rage 200 saboda ƙanƙanta. Araha ba ta ado. Aka jingine injin.

Rufe iyaka, Agusta 2023 zuwa Maris 2024

A watan Afrilu 2023 an zuba 2,000 a kwami biyu, aka koma abincin buhu, aka sayi na dukan zagayen tun farko. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka kifar da gwamnati a Yamai. Ranar 30 ga Yuli ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar. Yankin Maraɗi da Damagaram daga Katsina layin wutarsu yake zuwa.

Kifin banda da hatsi suna iya bin ɓarauniyar hanya a kan babur. Kifi mai rai cikin jarkar ruwa ba ya son wannan tafiya. Tarwaɗar Najeriya ta yi ƙaranci a kasuwa, farashi ya tashi. A watan Satumba gonar ta kwashe kilo 1,400, ta sayar a kan 2,500, alhali kilo ya tsaya mata a kan 1,700. Dillalan da a da ake roƙo su zo, su ne suka yi layi.

Da wannan ribar aka cika kwami shida a watan Oktoba, kifi 6,000. Yanzu ɗan kifi ya koma 150. Abincin Kwatano ya tsaya saboda iyakar Benin a rufe take, na Najeriya kuma buhu biyu-uku yake shigowa ta daji, ya kai jika 16 da rabi, kuma ba kullum ake samun girman ƙwayar da ake so ba. Akwai makon da aka jiƙa ƙwaya mai milimita 6 aka farfasa wa kifin da bakinsa na milimita 3 ne. Famfo ya dogara kacokan ga injin fetur. Fetur ɗin bumburutu da aka saba samu da araha daga Najeriya shi ma ya yi tsada tun da aka cire tallafi a can ranar 29 ga Mayu 2023. Zagayen kuma ya ratsa tsakiyar hunturu.

A ɗaya gefen iyakar wani abu na faruwa da ba a sa a lissafi ba. A watan Yuni 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira kasuwa ta yanka mata farashi. Dalar da hukuma ke bayarwa a kan kimanin naira 460 ta haura 750, zuwa Fabrairu 2024 ta wuce 1,500. Sefa kuwa a ɗaure take da yuro, 655.957 kan yuro ɗaya, ba ta motsi. Jikar da 'yan canji ke ba naira 1,200 a farkon 2023 ta koma naira 2,500 da ɗoriya.

Buɗe iyaka da riƙe kifi, Maris zuwa Mayu 2024

ECOWAS ta ɗage takunkumi ranar 24 ga Fabrairu. Najeriya ta buɗe nata ɓangaren ranar 13 ga Maris, Nijar ta buɗe ranar 22, ana tsakiyar azumi. Kifin gonar ya isa kwasa a daidai makon: kimanin 4,400 suka rayu, giram 750 kowane, kilo 3,300. Abinci buhu 330. Kilo ya tsaya a kan 2,220: abinci 1,650, 'ya'yan kifi 270, fetur da yara 300.

A Kano kilon tarwaɗa ya tashi daga wajen naira 1,400 zuwa wajen 2,200. Ga mutumin Kano kifi ya yi tsada. Ga mai riƙe da sefa kuwa, naira 1,400 a farkon 2023 sefa 1,170 ce, naira 2,200 a Maris 2024 sefa 880 ce. A ɗora 300 na hanya, kifi ya sauka Maraɗi ƙasa da 1,200. Dillalai suka taya na gonar 1,400.

Mai gona ya ƙi sayarwa, yana jiran ƙaramar salla ko farashi ya farfaɗo. Kifi kilo 3,300, ko kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsu aka ba su a rana, kilo 33 ne, buhu biyu da ɗoriya, sefa 36,000 kullum. A mako shida an zuba musu abincin miliyan ɗaya da rabi. Tarwaɗa tana girma, abin da take mayarwa nama yana raguwa, ga cunkoso a kwami. Nauyin da aka ƙara bai kai kilo 700 ba, darajarsa kusan miliyan ɗaya. Zafin Afrilu ya ɗaga ruwan sama da digiri 33 da rana, wata ranar da injin ya lalace aka wayi gari da gawa cike da baho biyu. A farkon Mayu aka sayar a kan 1,450. Garin neman ƙiba an samo rama: riƙon ya ƙara asarar rabin miliyan a kan wadda ke ƙasa. Kwami huɗu suka zauna a bushe.

Sabon tsari, Yuni 2024 zuwa 2025

An fara da littafi. Kowane kwami da shafinsa: ranar zuba, adadi, buhun da aka buɗe, gawar da aka tsame. Duk mako biyu a kamo kifi 30 da koma, a ɗora a sikeli, a fitar da matsakaicin nauyi, daga nan a yanka abincin mako biyu masu zuwa. Yaro ba ya ɗiba da kwano yadda ya ga dama, da safe ake auna masa na yini a ba shi a bokiti.

Abinci ya koma na Najeriya, ana saye da naira a Katsina ko Kano, na wata uku a tafi ɗaya. Buhun naira 22,000 ya kama sefa 8,800, mota da duwan, wato kwastan, suka kai shi jika 10. Ana jera buhunan a kan katako, nesa da bango, kuma ba a sayen fiye da na wata uku domin man da ke cikin ƙwayar yana tsami a zafin ɗaki, kifi ya ƙi ci. Ana duba ranar da aka buga a buhu tun a shago.

An daina sayen 'ya'yan kifi na giram biyu. Ana ɗaukar masu giram 10 zuwa 15, waɗanda suka wuce lokacin yawan mutuwa, a kan kimanin sefa 100 har gona. Idan sun iso ba a juye su nan take, ana ɗora jarkar a cikin kwami na minti 20 zuwa 30 zafin ruwan ya daidaita, kuma ba a ba su abinci sai washegari. Tantancewa duk mako biyu har wata biyu, da sassafe, cikinsu babu abinci, a raba manya da matsakaita da ƙanana. Ƙwaya mai milimita 2 har su kai giram 50, sau uku zuwa huɗu a rana, kusan kashi biyar cikin ɗari na nauyinsu. Sai milimita 3 har giram 150, milimita 4 har 400, daga nan milimita 6 sau biyu a rana, kason yana sauka zuwa kashi ɗaya da rabi ko biyu. An rage zuba zuwa 800 a kwami.

An sa famfo mai aiki da hasken rana da tanki a sama, ruwan da aka zubar yana bin kwata zuwa fadamar latas da tumatir a bayan katanga. An yi rumfar zana a kan kwami saboda bazara, a hunturu kuma ana rufe su da farar leda da dare, a sauya ruwa da asuba, saboda ruwan burtsatse yana fitowa da ɗumi. Ba a zuba sabon kifi a Disamba da Janairu.

Maimakon cika kwami shida rana ɗaya, ana zuba ɗaya kowane wata. Kowane wata akwai abin sayarwa kilo 700 zuwa 750, ba tan uku da dole a nemi dillali ya kwashe ba. Mai gona ya zagaya wajen masu gasa kifi da dare da gidajen abinci da mata masu farfesu. Abin da suke kuka da shi a kifin mota shi ne ba sa sanin ranar zuwansa, yana zuwa gauraye manya da ƙanana, kuma wanda ya sha hanya da yunwa da gogayya ba ya kwana biyu a baho. Gonar ta ɗauki alkawarin kai musu na kilo ɗaya zuwa sama, a raye, kowace safiya, kilo 10 ko 20 gwargwadon bukata, a kan 1,800. Ƙananan da suka ƙi girma ana yin bandarsu. Kilo 100 na ɗanye ba ya ba da fiye da kilo 30 na busasshe, don haka ba hanyar riba ba ce sosai, hanya ce ta daina ciyar da kifin da ba zai biya abincinsa ba.

Zuwa ƙarshen 2024 kowane kilo na kifi yana cin kilo 1.2 na abinci, kifi 9 cikin 10 suna kaiwa kwasa. Abinci 800, ɗan kifi 110, ruwa da yara da kuɗin famfo 250: kilo ya tsaya a kan 1,160. A lokacin kuma tsadar masara da soya ta cim ma masu kiwo a Najeriya, da yawa suka rage zuba, kilo ya haura naira 3,000, wato yana sauka Maraɗi a wajen sefa 1,500.

Abin da lamarin ya nuna

Tazarar farashin ba daga ruwa ko irin kifi ta fito ba. Mafi yawanta a buhun abinci take. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen kiwon wannan tarwaɗa, tana noma masara da waken soya da yawa, tana da masana'antun abincin kifi a Ibadan da Ilori da Jos, da ɗaruruwan masu ƙyanƙyasa da ke gasa da juna. Nijar ba ta da teku, masu kiwonta kaɗan ne, don haka mai shago ba ya kawo abinci da yawa, abin da ya kawo kuma ya sha hanya. Jika huɗu da ke tsakanin buhun Yamai da na Kano a 2022, idan aka raba, sefa 370 ce a kan kowane kilo na kifin gonar. Ita kaɗai ta fi kuɗin ɗauko kifi daga Kano.

Canjin kuɗi shi ne ya fi saurin duka, amma ba ya daɗewa. Naira kan faɗi cikin mako, farashin kifi kuwa sai ya ɗauki watanni kafin ya bi ta, domin kifin da ke kwami da tsohon abinci aka ciyar da shi. A wannan tsakanin ne kifin Najeriya ke zama kamar kyauta ga mai sefa. Gonar ta faɗa cikin wannan rami ne da kifi mafi tsada da ta taɓa kiwo. Kuskuren Oktoba 2023 shi ne ɗaukar farashin rufe iyaka a matsayin farashin kasuwa, aka gina zagayen wata shida a kansa. Riƙe kifin a Afrilu ya fi shi muni, tunda lissafinsa a fili yake tun ranar farko ga duk wanda ya zauna da biro.

Abincin gida ba haramun ba ne. Akwai masu yin sa su ci riba, musamman a watanni biyun ƙarshe da kifi ya yi ƙwari, idan an turara soya, an auna haɗi da sikeli, an kuma iya ciyarwa da kaɗan-kaɗan. A nan an ba ƙananan kifi ne, a hunturu, ba awo.

Kuɗin hanya kuwa, wannan sefa 300 ta mota da duwan da shingaye da ramar kifi, kariya ce ga mai kiwo a Maraɗi. Ba sai ya kai arahar Kano ba. Ya isa kilonsa ya tsaya ƙasa da farashin Kano haɗe da 300. Kuma ɗauko buhun abinci ya fi ɗauko kifi sauƙi: ba ya mutuwa, ba a ɗaukar ruwa tare da shi, kuɗin hanyarsa a kan kilon kifi bai kai 100 ba.

Raunin da ya rage shi ne gonar yanzu da abincin Najeriya take numfashi. Najeriya ta taɓa rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an sake rufewa a 2023, Nijar kuma ta fice daga ECOWAS a Janairu 2025. Abincin wata uku ne a ɗakin ajiya, kifi kuwa wata biyar zuwa shida yake yi kafin ya isa kwasa. Kwami biyu ko uku na baya-bayan nan ba su da abincin ƙarasawa idan aka wayi gari an rufe Ɗan Isa.